Faifan Masu Wankin Ƙoda

Da safiyar ranar da za a goge muryoyin aka gano faifan ba ya nan.

Uwar Ajiya ce ta gano. Sunan da ɗalibai suka laƙaba mata ke nan, domin ita ce ma'aikaciyar laburaren jami'a da ke karɓar bayanan da masu bincike suka tattaro. Takan tsara su, ta adana, ta faɗa wa mai su abin da ya halatta ya nuna wa jama'a da abin da bai halatta ba. Ɗakinta na ƙarshen bene, mai taga ɗaya da ke kallon ƙofar shiga jami'a. A ciki akwai kabad ɗin ƙarfe, faya-fayan ajiya na kwamfuta jere a kan kantocinsa, kowanne cikin akwatin roba mai kaurin littafi, da lamba a bayansa.

Ta buɗe kabad ɗin da makullinta, ta miƙa hannu inda ta saba, sai ta zaro faifan wani malamin noma. Ta mayar. Ta bi lambobin da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, ta sake bi. Lamba ɗaya ta yi tsalle. Ba a fasa makulli ba, ba a taɓa taga ba, jerin kuwa tsaf yake, ko giɓi babu.

Ta kira shugaban laburare. Shi kuma ya kira 'yan sanda.

Sufeton da ya zo dogo ne, mai furfura a gefen kai, ba ya gaggawar magana. Ya duba makullin, ya ɗauki hoton kabad ɗin a buɗe kafin kowa ya sake taɓa shi, sannan ya ja kujera.

"Malama, me ke cikin abin nan da ya kai a kira mu?"

"Muryoyin marasa lafiya, Yallaɓai. Wata likita ce ta yi bincike a kan masu wankin ƙoda. Ta zauna da su ɗaya bayan ɗaya, suka faɗa mata abin da ba su faɗa a gida."

"Kamar me?"

"Ban saurara ba. Amma na ga rubutun bayan an cire sunaye. Akwai wanda ya ce ya gaji, yana zuwa asibiti ne kawai don kada matarsa ta yi kuka. Akwai wadda ta ce ta ji 'yan uwanta suna shawara a kanta suna zaton barci take yi. An yi musu alkawari tun kafin su buɗe baki: da zarar an kwafe maganar a rubuce, an sa lamba a madadin suna, za a goge muryar. Ba wanda zai ji ta. Ni na tsara alkawarin tare da Likita, ni kuma na karɓi faifan."

"Ba ku da wani kwafi?"

"Rubutun yana wuri uku, kamar kowane bincike. Muryar kuwa da gangan muka bar ta a wuri ɗaya. Abin da za a goge ba a yawaita shi."

"To idan ta fita?"

"Murya ba ta ɓuya. Miji zai gane matarsa, uwa za ta gane ɗanta. Wasu daga cikinsu sun rasu, ba za su iya cewa ba haka suke nufi ba."

Sufeto ya rubuta wani abu gajere. Ya tambayi makullai. Biyu ne: nata, da na ajiya da ke rataye a ofishin shugaba, inda manyan ma'aikata ke shiga da fita. Ya tambayi wa ya san ranar gogewa. Ta ce Likita, da injiniyan kwamfuta, da duk wanda ya halarci taron ma'aikata na makon jiya, domin a nan ta nemi wanda zai tsaya shaida. Ƙa'ida ce, ba a goge komai sai a gaban mutum biyu.

Injiniya aka fara kira. Ya shigo da igiyar waya rataye a wuya, yana taunar murfin biro.

"Ka taɓa riƙe faifan?" in ji Sufeto.

"Ni na kulle shi da kalmar sirri, Yallaɓai. Na juya wa Uwar Ajiya allon, ta buga kalmar da kanta, na kau da kai kamar mai jin kunyar surukai."

"Kana iya buɗe shi ba tare da ita ba?"

"Da ina iyawa, da ba a jami'ar nan nake aiki ba."

"Ka shiga ɗakin nan kwanan nan?"

"Ɗakin Uwar Ajiya? Ko fanka ce ta lalace sai ta tsaya a kaina kamar mai gadin jarrabawa. Kuma Yallaɓai, in sata zan yi, me zai sa in ɗauki akwati? Ranar da nake kulle shi sai in kwafe abina, akwati na nan, kowa na barcinsa lafiya."

Sufeto ya sallame shi. Da ƙofa ta rufe ya ce, "Bakinsa ya yi yawa, amma maganarsa ta zauna."

Mai shara ta zo tana goge hannu da gefen zanenta. Ta ce ita ɗakin nan ba ta shigarsa sai Uwar Ajiya na ciki, kabad kuwa ko ƙurar kansa ba a bari ta share. Ba ta ga baƙo a benen ba. Ta dubi Sufeto ta ce, "Ɗana, in akwai abin sayarwa a ginin nan, ai kujeru sun fi wannan ƙarfen kasuwa." Masu gadin ƙofa sun tabbatar ana duba jakarta kullum kamar ta kowa.

Likita ta iso bayan azahar daga asibiti, ko farar rigarta ba ta cire ba. Sufeto ya bar ta ta zauna, sannan ya jefa tambayar da ya ajiye mata.

"Likita, an sha samun mai bincike ya ƙirƙiri hira a tebur. Idan muryar ta ɓace, wa zai iya cewa rubutun ba gaskiya ba ne?"

Ta dube shi, idanunta jajur don rashin hutu. "Kana cewa ni na sace?"

"Tambaya nake."

Uwar Ajiya ce ta amsa. "Yallaɓai, ba a sa ranar gogewa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya turo mutum ya gwama murya da rubutu. An yi wannan tuni, ba a sami giɓi ba. Kuma da Likita na son muryar ta ɓace, ba sai ta wahala ba. Yau da hantsi da na goge mata ita da hannuna."

Sufeto ya gyaɗa kai. Likita ba ta ji daɗin wanke ta da aka yi ba. Ta ce, "Dole in sanar da kwamiti. Bayan nan in koma ɗakin wankin ƙoda in tsaya gaban gadon kowa in ce na yi muku alkawari ban cika ba. Wata tsohuwa sai da ta riƙe hannuna ta ce in rantse." Ta juya ga Uwar Ajiya. "Anti, ke kika ce min wurinki ya fi aljihuna tsaro."

"Ni na faɗa."

Bayan fitarta, Sufeto ya fito da wayarsa, ya buɗe hoton da ya ɗauka da safe, ya ajiye a kan tebur.

"Abu ɗaya ke damuna," ya ce. "A kantar nan akwai binciken magani, akwai na irin shuka, waɗanda wani zai iya nema da gaske. Ɓarawon ya tsallake su duka, ya ɗauki wanda ba ya buɗuwa, wanda kuma za a kashe da safe. Sannan na daɗe ina shiga inda aka yi sata. Ɓarawo yakan bar rami. Nan ina ramin?"

Uwar Ajiya ta ja wayar kusa. Da safe lambobi take karantawa, ba ta kalli jerin ba. Yanzu ta kalla. An tura akwatunan da ke dama sun cike gurbin wanda aka cire. An matso da ƙarfen da ke tokare su har ya kama na ƙarshe, ba matsi, ba sako-sako. Kuma duk an jawo su gaba, bayansu ya yi daidai da bakin kanta, kamar an ja layi.

Ita ba haka take jera kabad ɗin ba. Tura su take can ciki, saboda ƙofar ƙarfen na goge lambobin idan suna gaba.

Ta san hannun. Shekarun baya, makonta na farko a aiki, wani mutum ya bi ta kanta bayan kanta yana gyara abin da ta jera, yana cewa littafi ba ya son duhu, a jawo shi bakin kanta ya ga mai nemansa. Yaran yanzu ba sa yi. Ko ita ta daina. Mutum ɗaya ne ya rage a ginin da hannunsa ke yi ba tare da ya sani ba.

"Malama," in ji Sufeto, "fuskarki ta riga bakinki."

Tana tuna zaman makoki a wani ƙaramin gida, watannin baya, da wani dattijo zaune a bakin ƙofa yana karɓar gaisuwa, hannayensa a kan gwiwa. 'Yarsa tilo ce ta rasu, malamar firamare, bayan doguwar jinya. Ciwon ƙoda. Uwar Ajiya ta je gaisuwar, ta dawo ofis ta ci gaba da aiki a kan rubutun Likita, bai taɓa zuwa ranta ta haɗa biyun ba. A wurinta marasa lafiyan lambobi ne. Ita da kanta ta mai da su haka.

"A taron makon jiya," ta ce a hankali, "da na nemi shaida, mutum ɗaya ne ya yi tambaya. Ya ce, duk muryoyin? Na ce duka. Ya ce wace rana?"

"Wane ne?"

"Baba Kanta. Shi ne 'yarsa ta rasu da ciwon ƙoda."

Ɗakin gyaran littattafai na ƙasan bene, yana warin gam da tsohuwar takarda. Baba Kanta na zaune a bayan teburinsa da allura da zare, yana ɗinke bayan wani ƙamus da ya rabu biyu. Shi ne mafi daɗewa a laburaren, saura kaɗan ya yi ritaya. Ya ɗaga kai ya gan su, ya dubi Sufeto, ya dubi Uwar Ajiya, ya soke allurar a jikin gammon zare.

"'Yata, kin zo da baƙo."

"Baba, sannu da aiki."

"Ku zauna. Yallaɓai, kujerar nan ƙafarta ɗaya ta gajarta, ka jingina da bango."

Sufeto ya zauna. "Baba, ka san abin da ya kawo mu?"

"Ina so in ji yadda kuka zo."

Sufeto ya faɗa masa, ba tare da ɗaga murya ba. Ba a fasa makulli ba, don haka wanda ya shiga yana iya kai hannu ga makullin ofishin shugaba. An ɗauki faifan da ba ya da amfani ga mai neman riba ko mai son ɓata binciken, don haka wanda ya ɗauka muryar kanta yake so, kuma ya san ranar da za ta mutu. Wannan ya taƙaita abin ga mutanen taro. A cikin mutanen taro, wanda ya cire akwatin bai iya barin rami a kanta ba. Ya cike gurbin, ya gyara tokari, ya jawo sauran bakin kanta.

Baba Kanta ya dubi hannayensa, ya juya su.

"Na gyara jerin?"

"Ka gyara, Baba," in ji Uwar Ajiya.

"Wallahi ban san na yi ba."

Ya jawo aljihun tebur na ƙasa. Akwatin na ciki, naɗe a farin hankici. Ya ɗora shi a kan tebur tsakaninsu, amma bai ɗauke hannunsa daga kai ba.

"Bai fita daga ginin nan ba. Na haɗa shi da kwamfutar can, ya nemi kalmar sirri. Na zauna ina kallon wurin da ake bugawa. Shi ke nan abin da na yi."

"Yaya aka yi ka san muryar 'yarka tana ciki?" Sufeto ya tambaya.

"Ita ta faɗa min. Ranar na je ɗauko ta, ta fito tana dariya, ta ce Baba yau na sami wadda ta bar ni na yi surutu har na ƙoshi. Yarinyar nan akwai surutu. Tun tana ƙarama uwarta ke cewa da rediyo aka haife ta." Ya ci gaba. "Saƙonnin muryarta na cikin wayata. Wayar ta faɗa ruwa ana saura kwanaki ta rasu. Na ce ba komai, ai mai muryar na nan. Yanzu ina da hotunanta, ina da takalmanta. Fuskarta ba ta ɓace min ba. Amma kwanan nan na zauna in tuna yadda take kirana, sai na ji muryar uwarta nake ji. Na sake gwadawa. Ba ta zo ba."

Ya juyo ga Uwar Ajiya.

"Kalmar na kanki, 'yata. Ba na son muryar kowa. Tata kawai. Sau ɗaya."

"Baba, ban san wace lamba ce tata ba. Sai in buɗe na mutane ɗaya bayan ɗaya kana saurara."

"Likita ta sani."

"Likita ba za ta ma ce maka tana ciki ba."

"Na san abin da kike tsoro. Kina tsoron ta faɗi wani abu a kaina. Ta faɗa. Ta ce na gaza, ta ce na gaji da ita, ta zage ni ma in ta ga dama. Ni ba maganar nake nema ba."

Sufeto ya miƙe ya tafi wajen taga, ya juya musu baya, ya tsaya yana karanta bayan littattafan da ke kan kanta kamar wanda ya zo aro. Uwar Ajiya ta gane abin da yake ba ta. Kwamfuta na nan. Kalmar na bakinta. Mutumin da ke gabanta shi ya koya mata aiki, shi ya tsaya mata lokacin da manya ke cewa ajiyar bayanai ba aikin laburare ba ne.

"Baba," ta ce, "ranar nan da ta fito tana dariya, ka tambaye ta me ta faɗa?"

"Na tambaya."

"Me ta ce?"

"Ta ce ba nawa ba ne."

Can ya zare hannunsa daga kan akwatin. Ya warware hankicin, ya ninke shi, ya sa a aljihu, ya tura mata akwatin da yatsu biyu.

Sauran aikin na ofis ne. Injiniya ya duba faifan da kwamfutar ɗakin gyara, ya tabbatar ba a buɗe ba, ba a kwafa ba, wannan karon bai yi wasa ko ɗaya ba. Likita ta ji labari a waya, ta ce za ta sanar da kwamiti duk da haka, amma ba sai ta je gaban gadaje ba. Jami'a ba ta so a kai maganar kotu. Shugaban laburare ya karɓi makullan Baba Kanta a ranar, ya ce ritayarsa ta fara daga yau. Uwar Ajiya ta rubuta rahoto, ta sa a ciki cewa makullin ajiya bai kamata a rataye shi inda kowa ke wucewa ba, kuma ranar gogewa ba abin faɗa a taro ba ce. Ta sa hannu a ƙasa.

Da la'asar ta haɗa faifan da kwamfutarta. Sufeto ya yarda ya tsaya shaida. Tana shirin farawa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba Kanta ne, da jakar leda a hannu, kofin shayinsa da tabaransa na aiki a ciki. Bai shigo ba.

"Yanzu za ki yi?"

"Yanzu, Baba."

"To alfarma ɗaya. Ki bari in fita daga jami'ar."

"Zan jira."

Ta tsaya a taga. Ya fito daga ginin, ya bi hanyar da ke zuwa ƙofa. Mutumin da ɗalibai ke yi wa tsiya da saurin tafiya yau yana jan ƙafa. Ya tsaya ya gaisa da mai yankan ciyawa. Ya tsaya ya karanta allon sanarwa daga sama har ƙasa. Kusa da ƙofa ya durƙusa ya kwance igiyar takalminsa, ya sake ɗaurewa. Mai gadi ya duba jakar ledar, ya mayar masa. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofar, bayansa ga ginin, motoci na wucewa.

Sufeto ya duba agogo.

Sai da dattijon ya taka titi, ya sha kwana, katanga ta rufe shi, sannan Uwar Ajiya ta koma kujerarta. Ta buga kalmar. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata.

Ta danna.